Manhajar babban kamfani, ta kyauta, ko ta yaron unguwa: wacce za ta riƙe shago?

Alhaji, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ga yadda na fahimci tambayarka. Kana da shaguna biyu da sito a Jidda, kana sarin abaya da darduma, kaso mai yawa na kayan kuma Kano da Yamai suke tafiya. Hukumar zakka da haraji da kwastan, wato ZATCA, ta sanar da kai cewa layi ya zo kanka na haɗa faturarka, wato rasitin ciniki, da tsarinta na intanet mai suna Fatoora. Wakilin wani babban kamfani ya kawo maka manhajarsu da kuɗin shekara mai nauyi. Ɗan ƙaninka ya ce a ɗauki buɗaɗɗiyar manhaja, wato wadda rubutunta yake a fili kowa na iya dubawa, irin su Odoo ko ERPNext, tunda ba a sayen lasisi. Ga kuma wani yaro mai hazaƙa da ya ce zai rubuta maka taka ta kanka a kan kuɗi kaɗan. Kai kuma zuciyarka ta fi kwanciya da babban kamfanin, domin a ganinka mai injiniyoyi dubbai ba zai yi aikin banza ba, kuma araha ba ta ado.

Na daɗe ina girka irin waɗannan manhajoji a shaguna da ofisoshi tsakanin Jidda da Makka, kuma abin da aikin ya nuna min shi ne girman kamfani ba ya faɗa maka komai game da ingancin abin da ya rubuta. Abin da nake dubawa shi ne: in manhajar ta yi kuskure, wa zai ji a jikinsa, kuma shin wanda zai ji a jikin nasa yana da hanyar da zai sa a gyara? Duk inda mai rubutawa da mai shan wahalar suke kusa da juna, za ka tarar da aiki mai kyau. Inda suka yi nisa, sai a hankali, ko da kuwa kamfanin ya fi wata ƙasar kuɗi.

Mu fara da batun yawan injiniyoyi. Rubuta manhaja ba ya cikin ayyukan da sarkin yawa yake fin sarkin ƙarfi. Mutum 5 in suna aiki tare, hanyoyin magana tsakaninsu 10 ne. In suka kai 50, hanyoyin sun zama 1,225. Daga nan rabin lokaci a taro yake ƙarewa, kowane rukuni ya san ɓangarensa kawai, babu mutum ɗaya da ya riƙe hoton abin gaba ɗaya a kansa. Sannan akwai wata matsala da ta fi wannan girma. A manyan manhajojin kasuwanci, wanda yake sa hannu a kwangila daban, wanda zai zauna gaban allo daga safe zuwa isha'i daban. Manaja ne ake nuna wa hotuna masu kyau da jerin abubuwa ɗari da manhajar take iya yi. Yaron da ke kan kanta, wanda zai danna wuri bakwai kafin ya fitar da fatura ɗaya alhali layi ya kai bakin ƙofa, babu wanda ya tambaye shi. Kamfanin kuwa mai sa hannun yake ƙoƙarin gamsarwa, don a wurinsa kuɗin yake.

Misalin da ya fi dacewa da mai shago irinka ya faru ne a Birtaniya. A 1999 hukumar gidan waya ta ƙasar ta fara amfani da wata manhajar lissafi mai suna Horizon, wadda kamfanin Fujitsu ya samar, a rassanta da ke hannun ƙananan 'yan kasuwa. Manhajar tana da kurakurai da kan nuna giɓin kuɗi inda babu giɓi. Mai reshe zai rufe lissafi da dare ya ga an ce akwai dubban fam da suka ɓace. In ya yi ƙorafi sai a ce masa shi kaɗai ne ke da wannan matsalar, na'ura ba ta ƙarya. Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da mutum sama da 900 a kan sata da maguɗin lissafi. Wasu sun yi zaman kurkuku, wasu sun sayar da gidajensu sun cike giɓin da bai taɓa wanzuwa ba, wasu sun rasu kafin a wanke su. Sai a 2019 babbar kotu ta tabbatar da cewa manhajar tana da kurakuran, a 2024 kuma majalisa ta yi doka ta soke hukuncin da aka yanke wa jama'a da dama. Kuskure a manhaja ba abin mamaki ba ne, babu wadda ba ta da shi. Abin da ya mayar da wannan bala'i shi ne rubutun manhajar a rufe yake, mai reshe ba shi da ikon kawo nasa masanin ya duba, waɗanda suke iya dubawar kuma amfaninsu yana cikin yin shiru. Shekara 20 ana wannan.

Na biyu ka ji shi a labarai. Ranar Juma'a 19 ga Yuli 2024 kamfanin tsaron kwamfuta CrowdStrike ya tura wa abokan cinikinsa wani ɗan ƙaramin fayil na sabuntawa. Wani sashe na manhajar yana neman bayanai 21, aka ba shi 20, da ya je karanta na 21 sai kwamfutar ta faɗi. Microsoft ya ƙiyasta na'urori miliyan 8.5 masu Windows ne abin ya shafa. Filayen jirgi, asibitoci da bankuna suka tsaya cik, wasu wuraren da biro aka riƙa rubuta takardar shiga jirgi. Abin da ya fi ba masu sana'armu haushi shi ne an tura fayil ɗin ga kowa a lokaci guda. Ƙa'idar da ake koya wa ɗan koyo ce a fara da 'yan na'urori kaɗan, a jira a ga abin da zai faru, sannan a faɗaɗa.

Kada ka ɗauka ina cewa manyan kamfanoni ba su iya aiki ba. Excel manhaja ce mai kyau ƙwarai, akantanka ba zai yarda ka raba shi da ita ba, kuma yana da gaskiya. Rubutun Larabci daga dama zuwa hagu, haɗe da lambobi da Turanci a layi ɗaya, abu ne mai wuyar sha'ani, manyan kamfanoni kuma sun zuba kuɗi sun daidaita shi tun tuni. Suna da rukunin tsaro da ke aiki dare da rana, Microsoft yana fitar da gyare-gyaren tsaro Talata ta biyu a kowane wata. Amma ka lura, inda suka fi ƙwarewa shi ne abin da miliyoyin mutane ke amfani da shi kullum, har da ma'aikatansu. Da zarar an koma kan buƙata irin taka, ta mai sarin abaya da ke karɓar riyal a nan ana biyan saura da naira a Kantin Kwari, ƙorafinka ya zama lamba a cikin dogon layi. Kuma su ne ke yanke ranar da za su daina kula da abin da ka saya. Windows 10 ya daina samun tallafin da aka saba ranar 14 ga Oktoba 2025, kwamfutoci da yawa masu lafiya ƙalau kuma ba su cika sharuɗɗan hawa Windows 11 ba. Zanen aro ba ya rufe katara.

Yanzu maganar ɗan ƙaninka. Da farko a cire tunanin cewa buɗaɗɗiyar manhaja aikin 'yan sa-kai ne da suke taɓawa in sun samu sarari. Wasu haka suke, manyan cikinsu kuwa a'a. Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, yau mafi yawan gyaran da ke shiga cikinsa ma'aikatan kamfanoni ne ke rubutawa, irin su Intel, Google da Red Hat, da albashinsu. A kansa Android ɗin da ke aljihunka yake zaune, kuma tun 2017 dukkan kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya da shi suke aiki. IBM ya sayi Red Hat a 2019 a kan dala biliyan 34. Manhajar da wakilin babban kamfanin ya kawo maka ma, in aka buɗe cikinta, za a tarar da tarin buɗaɗɗun sassa da aka ɗora ta a kai. Don haka ko ka zaɓa ko ba ka zaɓa ba, kana cikin amfani da su.

In ana maganar inganci tsantsa, abin da nake fara kawowa shi ne SQLite. Ɗan ƙaramin rumbun bayanai ne da Richard Hipp ya fara a shekara ta 2000, mutanen da ke kula da shi ba su cika yatsun hannu ba. Yana cikin kowace wayar Android da kowace iPhone, yana cikin manhajojin shiga intanet irin su Chrome da Firefox. Rubutun da suka yi don gwada shi ya ninka rubutun manhajar kanta sau ɗaruruwa: suna gwada abin da zai faru in wuta ta ɗauke ana tsakiyar ajiye bayani, in faifai ya cika, in fayil ya lalace. Sun kuma bayyana niyyar ci gaba da kula da shi har 2050. Mutane ƙalilan ne, amma sunansu ne a kan aikin, kuma babu wani sashen talla da ke matsa musu su fitar da sabon abu kafin ƙarshen wata.

To amma akwai ɗaya fuskar, wadda masu son buɗaɗɗiyar manhaja ba su cika son a taɓo ba. Ana yawan cewa tunda kowa na iya karanta rubutun, za a yi saurin ganin kuskure. Iya karantawa daban, zama a karanta daban. A watan Afrilu 2014 aka gano ɓarakar da aka sa wa suna Heartbleed a cikin OpenSSL, manhajar da ke kulle sirrin sadarwa a kaso mai tsoka na shafukan duniya. Kuskuren ya yi kusan shekara biyu a fili babu wanda ya lura. Da aka bincika sai aka ga aikin da bankuna da manyan kamfanoni suka dogara da shi, gudummawar da yake samu ba ta wuce kimanin dala 2,000 a shekara ba, mutum ɗaya ne kuma yake yinsa a matsayin cikakken aiki. Kowa na ci, babu mai zubawa.

Labarin xz ya fi wannan ban tsoro. Wata 'yar manhajar matse fayil ce da ke cikin kusan kowane Linux, mutum ɗaya yake ɗawainiya da ita shekara da shekaru har ya gaji. Wani da ke kiran kansa Jia Tan ya shigo yana taimakawa, ya yi kusan shekara biyu yana aiki mai kyau har aka amince masa, sannan ya dasa ɓoyayyiyar ƙofa da za ta ba masu kutse damar shiga sabobi, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe shafuka da bayanai. A ƙarshen Maris 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund, ma'aikacin Microsoft da ke aiki a kan rumbun bayanai na PostgreSQL, ya lura shiga wata na'ura yana ɗaukar ƙarin kusan rabin daƙiƙa. Ya bi diddigi har ya tono abin kafin ya bazu. Wannan labari yana yanka ta gefe biyu. Rauninsa a bayyane yake, aikin da duniya ta jingina da shi yana wuyan mutum guda. Amma ka kwatanta da Horizon. A nan wani bare, wanda ba aikinsa ba ne, ya samu damar buɗe rubutun ya duba, cikin 'yan kwanaki aka toshe. A can mutum 900 ba su samu wannan damar ba.

Saboda haka kalmar "buɗaɗɗiya" ita kaɗai ba shaidar inganci ba ce. In aka kawo min irin wannan manhaja, nakan duba mutum nawa ne suka taɓa rubutunta a watannin baya-bayan nan, ko akwai kamfanin da abincinsa ya dogara da ita, da kuma tsawon lokacin da ƙorafi yake yi kafin a amsa. Duk wannan a fili yake, ɗan ƙaninka zai iya dubawa cikin awa ɗaya. Odoo da ERPNext duka sun tsallake wannan gwajin: na farko kamfani ne a Beljiyam, na biyu kamfanin Frappe ne a Indiya. Sai dai a sani, Odoo kashi biyu ne, akwai na kyauta akwai na kuɗi, kuma cikakken sashen akanta yana cikin na kuɗin. ERPNext a buɗe yake gaba ɗaya. Kyautar kuma ta lasisi ce kawai. Saba da za a ɗora shi, wanda zai girka, koyar da yara, kwafin ajiya, sabuntawa, duk kuɗi ne. Wanda ya ce maka ba za ka kashe ko halala, wato kwabon riyal, ba, bai taɓa riƙe irin wannan aiki shekara guda ba.

Saura yaron da zai rubuta maka taka. Shi kamar tela ne, sauran kuma kayan kanti: zai auna ka ya ɗinka daidai jikinka, ka kira shi bayan isha'i ya zo ya rage hannu. Babu babban kamfanin da zai yi maka allon da ke nuna buhun wane ya tashi a kago, wato jigilar kaya, na ranar kaza, saura nawa za a karɓa a Kano, a tura wa mai kaya saƙo da Hausa ta WhatsApp. Shi zai yi, kuma zai yi da kyau, domin yana ganin fuskarka in abin ya ƙi aiki.

Matsalarsa shi ɗaya ne. Na ga shagon da mai rubuta musu manhaja iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta ƙare ya koma gida, ashe saba da sunansa aka yi rajista, kalmar sirri tana kansa, rubutun manhajar yana cikin kwamfutarsa. Ba mugunta ya yi ba, babu dai wanda ya yi tunanin tambayarsa tun da wuri. Bayan haka, dokar faturar ZATCA mataki biyu ce, kuma faturar mataki na biyu ba wurin koyon aiki ba ce. Mataki na farko, wanda ya fara 4 ga Disamba 2021, bai wuce a fitar da fatura ta na'ura a ajiye ta ba. Na biyu, wanda ya fara 1 ga Janairu 2023 da kamfanonin da cinikinsu ya haura riyal biliyan 3 kuma yake saukowa rukuni-rukuni har ya iso kanku, wani abu ne daban. Kowace fatura sai ta fita a tsarin fayil mai suna XML yadda hukuma ta tsara, da lambarta ta musamman, da hatimin sirri, kuma tana ɗauke da zanen yatsan faturar da ta gabace ta, wato wata lamba da ake cirowa daga bayananta, ta yadda in aka goge ɗaya a tsakiya sarƙar za ta tsinke a gani. Faturar da za ka ba wani ɗan kasuwa sai ta je wurin hukuma an amince da ita kafin ka miƙa masa. Ta mai sayen ɗai-ɗai kuma dole a kai rahotonta cikin awa 24. An hana manhaja ta ba da damar goge fatura ko sauya ta bayan ta fita, ko taɓa agogon na'ura. Hukumar takan sabunta ƙa'idojin, duk lokacin da ta sabunta kuma sai an bi. Manhajar da shaguna dubu ke amfani da ita, wani zai riga ka cin karo da matsalar a gyara kafin ta iso ka. Wadda kai kaɗai ke da ita, kai ne ɗan gwaji.

Akwai abin da wakilin babban kamfanin ba zai faɗa maka ba, ɗan ƙaninka ma watakila bai sani ba. Ka sa a karanta maka takardar lasisin kowacce. Ta kuɗi da ta kyauta, kusan duka suna cewa an ba ka manhajar yadda take, ba su ɗauki alhakin asarar da za ta jawo maka ba, in ma sun ɗauka to bai wuce abin da ka biya su ba. In fatura ta fita ba daidai ba, lambar harajinka ce a kai, kai hukuma za ta ci tara. Jerin kamfanonin da ZATCA ta wallafa a shafinta ma na nuni ne kawai, ba ta tilasta a saya daga cikinsu ba, sharaɗin dai manhajar ta cika ƙa'ida.

Da ni ne a matsayinka, raba aikin zan yi. Fatura, sito da lissafi in ɗora su a kan manhajar da jama'a da yawa ke amfani da ita a nan Saudiyya, ko dai ɗaya daga cikin buɗaɗɗun nan biyu a hannun ƙaramin kamfani mai sijilli, wato rajistar kasuwanci, da ofis da ma'aikata fiye da biyu, ko manhajar wani matsakaicin kamfani na cikin gida da ya ƙware a faturar ZATCA. Babbar manhajar da aka kawo maka an yi ta ne don masu rassa hamsin, za ka biya kuɗin abubuwan da har abada ba za ka buɗe ba. Yaron kuma kada a sallame shi. A ba shi ɓangaren kago da saƙonnin Hausa da lissafin canji, ya gina shi a gefe yana ɗebo bayani daga babbar manhajar. In nasa ya tsaya rana ɗaya, ciniki bai tsaya ba, hukuma kuma ba ta shigo ciki ba. Abu ɗaya da zan roƙe ka: kada kowa ya sa maka manhajar sata da aka fasa kullenta a kwamfutar da ke fitar da fatura. Ba ta karɓar gyaran tsaro, sau da yawa kuma da ƙwayar cutar a ciki ake raba ta.

Ko wanne ka zaɓa, gani ya kori ji. Kada ka yarda da nunin da suka shirya a ofishinsu. Su zo shago, a zaunar da yaron da ya fi kowa jinkiri a kan kanta, ya fitar da fatura da hannunsa. A gwada mayar da kaya, a ga takardar ragin da za ta fita tana nuni ga faturar asali. A gwada dila mai abaya kala goma da ragi a kan wasu, a ga ko harajin kashi 15 cikin 100 ya faɗo daidai har halala, don a wurin cike halala ne manhajoji da yawa suke saɓa wa lissafin hukuma. A gwada kayan da za su fita ƙasar waje, waɗanda harajinsu sifili ne in akwai takardun fitarwa. A zare wayar intanet ana tsakiyar ciniki a ga abin da zai faru, a mayar a ga ko faturocin da suka taru sun tafi da kansu. ZATCA tana da dandalin gwaji da aka tanada don irin wannan, duk wanda ya ƙi gwadawa a can kafin ka biya, ka san inda ya dosa. Daga ƙarshe ka ce a fitar maka da dukkan bayananka, kaya da abokan ciniki da basussuka, a fayil ɗin da Excel zai buɗe. Wanda ya fara kame-kame a nan, so yake ya ɗaure ka.

A rubuce kuma, komai da sunan shagonka: saba, rajistar shafi, asusun Fatoora, kalmomin sirri a ambulan a cikin sef. Rubutun duk abin da yaron ya gina a ajiye kwafinsa a inda kai ma kake da mabuɗi. Doka ta ce a adana takardun haraji aƙalla shekara 6, don haka kwafin ajiya ya zama kullum, a wuri biyu, kuma lokaci-lokaci a gwada dawo da shi a tabbatar yana buɗuwa. Lambobin waya da hotunan fasfo na masu kago da kuke tarawa su ma yanzu akwai dokar kare bayanan mutane a kansu, wadda ta fara aiki a Satumba 2023, kada a bar su a wayar kowane yaro.

Hukuma takan ba da sanarwa aƙalla wata shida kafin ranar haɗawa, ka duba takardarka ka ƙirga baya. Kada a yi sauyin a Ramadan ko a kakar Hajji, lokacin da shago ba ya ɗaukar ko awa ɗaya na tsaiko, kuma a rubuta a kwangila cewa ba za a taɓa manhajar da wata sabuntawa a waɗannan makonni ba sai ta tsaro. In ranar da aka ba ka ta ba da sarari, Muharram ko Safar ya fi, bayan alhazai sun watse. A ƙirga kayan sito da hannu a shigar da su, a yi wata guda ana gwada sabuwar a dandalin gwaji tsohuwar tana ci gaba da fitar da fatura ta gaske, akanta yana kwatanta jimillar kowace rana. Sai alƙaluman sun yi ta haɗuwa babu saɓani sannan a koma kan sabuwar, a biya kamfanin kason ƙarshe na kuɗinsa.